Tambur ɗin wace ƙasa ya kamata ka fara tarawa?

Duk wanda ya shiga harkar tara tambur, wato kan sarkin wasiƙa, da niyyar haɗa na duniya baki ɗaya, zai gaji bai kai ko'ina ba. Ƙungiyar gidajen waya ta duniya, UPU, wadda aka kafa a Bern a 1874, tana da mambobi 192, kuma wannan lissafin na masu rai ne kawai. Ƙasashe da yankunan da suka taɓa buga tambur sannan suka shuɗe, ko suka canza suna, ko wata ta haɗiye su, suna da ɗimbin yawa. Dole mutum ya zaɓi gefe guda. Ga wanda ke zaune a Damagaram, ni dai ban ga abin da ya kai Nijar ta zamanin Turawa ba, kuma zan faɗi dalilina.

Na farko, tana da iyaka, ana iya kammala ta. Tambur na farko mai ɗauke da sunan Nijar ita kaɗai ya fito a 1921. Ba a zana sabo ba, na Haut-Sénégal et Niger, wani tsohon yankin mulkin Faransa a Afirka ta Yamma, aka ɗauko, mai hoton mahayin raƙumi, aka buga TERRITOIRE DU NIGER a kansa. A lokacin Zinder, wato Damagaram, ce babban birni, sai a 1926 aka mayar da mulki Yamai. A wannan shekarar ta 1926 aka fitar da jerin da na fi so, mai zane iri uku: masu ɗiban ruwa a rijiya, kwalekwale a kan kogin Kwara, da ganuwar Zinder. Haka aka yi ta buga su da launi iri-iri da farashi iri-iri har wajen 1940. A 1941 gwamnatin Vichy, wato ta Faransa a lokacin mamayar Jamus, ita ma ta sake sa ganuwar Zinder tare da hoton shugabanta Pétain. Daga tsakiyar shekarun 1940 aka koma amfani da tambur ɗaya na Afirka ta Yamma ta Faransa, AOF, daga Dakar har nan, sai a 1959 Jamhuriyar Nijar ta fara buga nata, da jerin namun daji, har da raƙumin dawa. Ka ga daga 1921 zuwa ƙarshen yaƙin duniya na biyu, kundi ɗaya ya ishe ka.

Na biyu, ba su da tsada. An buga su da yawa, masu tarawa a Faransa sun adana su da kyau, galibinsu ɗan makaranta ma zai iya saya. Abin da ke da wuyar samu shi ne ambulan sukutum, da tambur ɗinsa a manne da hatimin gidan wayar Zinder a kai, kwanan wata na karantuwa. Nan kuma mu ne ke da rinjaye a kan Bature. A tsofaffin gidajen unguwannin Birni da Zango akwai akwatunan ƙarfe cike da takardun kakanni: wasiƙun tsofaffin sojoji, na fatake masu zuwa Kano, na alhazai. In ka dace da irin wannan, don Allah kada ka ɓamɓare tambur ɗin. Da zarar ka raba shi da ambulan, ka zubar da mafi yawan darajarsa. Kuma ka nemi izinin dattijon gidan tukuna, wasiƙa sirrin mutane ce.

Wanda yake son faɗaɗawa, ya koma baya zuwa Sénégambie et Niger na 1903 da Haut-Sénégal et Niger da ya fara a 1906, ko ya leƙa arewa ya haɗa da Fezzan, yankin kudancin Libiya da sojojin Faransa suka riƙe daga 1943 zuwa 1951 suna buga masa tambur nasa.

Sauran zaɓin fa? Najeriya ta Arewa, 1900 zuwa 1914, tana da kyau kuma maƙwabciya ce, amma duk kan Sarauniya Victoria ne da na sarakunan Ingila biyu da suka biyo ta, ba rijiya ba raƙumi, manyan cikinsu kuma tsada. Ingila ita ta fara a 1840 da Penny Black, shi ya sa har yau ba ta rubuta sunanta a tambur, amma an buga Penny Black ɗin sama da miliyan 68, kowa na da shi, me za ka ƙara? Faransa teku ce, ba ka ganin gaɓa. Biyafara, da ta buga tambur daga 1968 zuwa 1970, tana da tarihi, jabunta kuma ba a magana. Ka kuma lura, Niger Coast Protectorate ba tamu ba ce, gaɓar tekun kudancin Najeriya ce ta shekarun 1890, ko da mai sayarwa ya rantse.

To, ga inda na fi son ka buɗe kunne. Na taɓa aika kuɗi ga wani mai talla a intanet da ya nuna mini hoton faifan tambur mai rubutun République du Niger, da hotunan mawaƙan Turai da ƴan ƙwallo, yana cewa ba a buga da yawa ba. Kaya suka iso, takarda mai sheƙi, launi kamar na kalanda. Na duba kundin Yvert et Tellier, littafin da ke jera tambur na gaskiya da lambobinsu, babu su. Na nuna wa wani tsohon ma'aikacin gidan waya, ya juya su ya ce: “Ɗana, wannan bai taɓa shiga Nijar ba sai yau.” Mai tallan kuwa ya rufe lambarsa.

Irin wannan sana'a ce babba. Wasu ƴan damfara a ƙasashen waje suna buga takardu da sunan ƙasashen Afirka ba da sanin hukumominsu ba, kuma UPU ta sha rarraba sanarwar ƙasashen da ke tsine wa irin waɗannan. Shi ya sa a 2002 aka ɓullo da tsarin lamba na WNS, inda hukumomin da suka shiga ke rajistar tambur ɗinsu na gaskiya. Alamarsu ba ta ɓuya: abin da ke jiki ba ruwansa da ƙasar, karnukan Turai, motocin tsere, jiragen sama jannati, kuma ba za ka taɓa ganin ɗaya a kan wasiƙar da ta yi tafiya ba. Akwai ma na wuraren da ba su da gidan waya nasu sam, irin su Nagaland da State of Oman.

Kusa da su akwai na ƙananan masarautun Larabawa kafin su dunƙule su zama Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa: Ajman, Fujeira, Umm al-Qiwain, Ras al-Khaima, har da Manama, wani ɗan ƙauye na Ajman. Daga shekarun 1960 zuwa 1972 an yi ambaliyar tambur da sunansu, fiye da abin da mutanen wurin za su iya mannawa har abada. Su ne ke cika ƙunshin nan na “ƙasashe ɗari” da ake yaudarar sabon shiga da shi. Duba bayansu: hatimi a gaba tsaf a kusurwa, amma danƙon baya bai taɓa jiƙa ba. A maɗaba'a aka buga hatimin.

Ko tsofaffin ba su tsira ba. François Fournier na Geneva, wanda ya mutu a 1917, ya kwaikwayi tambur ɗin yankunan Faransa masu zanen mutum biyu zaune, irin zanen da ke kan Sénégambie et Niger. Duk mai rubutu a kai kuma, irin na 1921, a duba shi da madubin ƙara girma, a gwada harufansa da na wanda aka tabbatar, domin ƙara rubutu a kan tambur mai arha ya fi komai sauƙi ga maƙaryaci. Mai kawo maka labarin tambur ɗin British Guiana na 1856 da aka sayar sama da dala miliyan 9 na Amurka a 2014, yana cewa naka ma zai kai haka, rabu da shi. Wancan ƙwaya ɗaya ce tak a duniya.

Kafin ka biya, nemi hoton gaba da baya, nemi lambar kundi, ka ƙirga haƙoran gefe ko akwai wanda ya karye. A yanayinmu na fi ba da shawarar wanda aka riga aka yi amfani da shi, domin sabo mai danƙo, zafin bazara da laimar damina kan manne shi da takarda ya lalace. Ɗauke shi da hantsaki, kada ka sa masa gam ko salatif, kundin kuma a tsaye za ka ajiye shi cikin akwatin ƙarfe, sama da ƙasa, saboda gara.