Sakatariyar ƙaramar hukuma ko ofishin jiha: wace ƙofa mazaunin Kano zai ƙwanƙwasa?

Malam, na ga tambayarka tun shekaranjiya, na bari ne sai na samu zama. Ka ce ka taso daga Gusau ka tare da iyali a Panshekara, maiɗakinka ta sauka makon jiya, Allah ya raya mana. Kana son buɗe ɗan shagon kayan masarufi a ƙofar gida, akwai fulotin da ake yi maka tayi, ga kwatar layinku ta toshe damina kuma tana ƙaratowa. Shi ne kake tambaya ko duk waɗannan sakatariyar ƙaramar hukuma za ka nufa da su, ko kuwa ofisoshin gwamnatin jiha.

Ka fara cire wa ranka cewa akwai wani ofishi guda mai riƙe da birnin Kano. Wanda ya saba da Maraɗi ko Damagaram ya san ma'aikatar magajin gari, inda ake yin takardar haihuwa a kuma kai kukan shara. Nan abin ya sha bamban. Abin da muke kira cikin gari yau ƙananan hukumomi takwas ne suka yanyanka shi daga cikin 44 na jihar: Birni, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Ungogo da Kumbotso, kowace da ciyaman ɗinta da kansilolinta. Kai Kumbotso ce taka. A samansu kuma jiha ta kafa hukumomi masu aiki a faɗin birnin gaba ɗaya, ba ruwansu da inda iyakar wannan ta tsaya ta waccan ta fara.

A takarda, ƙaramar hukuma ce mai yawancin aikin. Tun gyaran 1976 da ya kawo ƙarshen tsarin En'e aka mai da ita gwamnati ta uku, kuma jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya jera mata kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, ban-ɗakin jama'a, magudanan ruwa, fitilun titi, kwashe shara, raɗa wa tituna suna da lambar gidaje, har lasisin keke da baro da amalanke. Wanda ya karanta wannan jeri zai ɗauka ciyaman sarki ne. A ƙasa kuwa, kasonta na kashi 20.6 cikin ɗari daga asusun tarayya shekara da shekaru ta asusun haɗin gwiwa da jiha yake biyowa, kuma wanda ke riƙe da tukunya shi ke rabon tuwo. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, a kuma daina naɗa kantomomin riƙo, sai dai zartar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa. Amma ba a komai nake ganin laifin jiha ba. Ruwan da ya gangaro daga gindin Dala ya bi Jakara bai san inda Fagge ta fara ba, ciyaman guda ba zai iya da shi ba.

Ma'aunin da nake amfani da shi, wanda bai cika ba ni kunya ba, shi ne wannan: in abin ya shafi kai kanka, wato shaidarka da ta iyalinka da ƙaramar sana'arka, fara da mai unguwa ka wuce sakatariya. In ya taɓa ƙasa ko gini ko bututun ruwa ko babban titi, na jiha ne, kada ka ɓata kuɗin adaidaita sahu zuwa wurin ciyaman.

Maganar jaririn ita ce ta fi gaggawa, ita ce kuma ta fi sauƙi. Takardar haihuwar da makaranta da ofishin fasfo ke karɓa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce, ta gwamnatin tarayya ke nan, bisa dokar 1992 da ta wajabta yi wa yaro rajista cikin kwana 60. Abin da ke rikita mutane shi ne ma'aikacin hukumar a cikin sakatariya yake zaune, ko a asibitin da ake rigakafi, sai a ɗauka na ƙaramar hukuma ne. Katin da asibiti ya ba ku ranar sallama ba shi ne takardar ba. Bayan suna ka ɗauki katin, ka haɗa da lambar NIN ɗinka da ta mahaifiyar jaririn, don yanzu ana tambaya. Rajistar jariri kyauta ce. Wanda ya yi sakaci har yaro ya zama saurayi, sai an bi ta rantsuwar kotu da biyan kuɗi.

Kada ka haɗa wannan da takardar shaidar ɗan asali, wadda ake nema wajen shiga jami'a ko aikin soja da ɗan sanda ko tallafin karatu. Ita ƙaramar hukuma ce ke bayarwa, kuma bisa al'ada asalin uba take bi. Sai mai unguwa ya shaida ka, dagaci ya sa hannu, hakimi ya buga tambari, sannan sakatariya ta fitar. Taka da ta ɗanka, tunda a Gusau tushenku yake, can za ku nema. Abin da mai unguwar Panshekara zai iya ba ka shi ne shaidar cewa a unguwarsa kake zaune, ita ma tana da ranarta. Saboda haka in ba ka je ka gaishe shi ba tun da ka tare, ka yi kuskure, ka gyara kafin buƙata ta kai ka. Namu mai unguwar bayan la'asar ake samunsa a zaure, tambarinsa a ƙulle cikin leda a aljihun gaba, kuma kafin ya ciro shi sai ya tambaye ka gidan wa kake haya da wanda ya san ka a masallaci. Baƙon da ya fara ganinsa ranar da yake neman sa hannu, zai sha zama a tabarma.

Shago kuwa duka biyun suna da hannu a ciki, shi ya sa 'yan kasuwa ke kukan haraji biyu. Dokar 1998 da ta raba haraji tsakanin gwamnatoci uku ta ba ƙaramar hukuma kuɗin shago da na kiyos da na mayanka da na kasuwa, ta ba jiha rajistar wurin kasuwanci da harajin kuɗin shiga. Ta kuma ce kasuwar da jiha ta zuba kuɗinta a ciki, jiha ce ke karɓar harajinta, abin da ya sa Kantin Kwari da kasuwar Sabon Gari suke ƙarƙashin shugabannin da gwamna ke naɗawa. Ɗan shagon ƙofar gida irin naka, masu karɓar harajin ƙaramar hukuma ne za su fi yi maka sallama, sai duba-gari in kana sayar da abin ci. Duk wanda ya zo, ka nemi katin aikinsa, ka karanta sunan hukumar da ke kan rasit da abin da aka ce ka biya wa, ka adana shi. Wanda ya ce a ba shi rabi ba rasit, baɗi wani zai zo ya nemi na bana da na bara. Kuma in za ka fito da rumfa ko ka ɗora bulo ya ci hanya, maganar ta bar hannun sakatariya, ta koma ta KNUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, masu jan fenti a bango.

Fulotin ne nake so ka fi natsuwa a kai, don nan ne mutane ke asarar gumin shekara goma. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa duk filin da ke yankin da aka ayyana birni a hannun gwamna, ta bar wa ƙaramar hukuma bayar da shaidar mallaka ta gargajiya a karkara kawai. Panshekara a ido kamar bayan gari take, amma kada ka yanke hukunci da ido. Yawancin abin da ake sayarwa a gefen Kano awon igiya ne: gonar gado ce magada suka yanka, dillali ya kawo ka, aka rubuta takardar ciniki, mai unguwa da dagaci suka sa hannu. Wannan takarda tana da amfani, tana nuna ka biya, tana nuna wa ka biya da shaidun da suka gani. Abin da ba ta nunawa shi ne ko gwamnati ta riga ta zana hanya ko makaranta ko layin babbar wayar wuta a kan wurin, ko ta taɓa karɓar gonar ta biya diyya. Wannan sai a ma'aikatar ƙasa da KANGIS, inda taswirar filaye take. Mai unguwa zai gaya maka tarihin gonar, wane ne ya noma ta, ko akwai magajin da bai yarda ba, ko an taɓa sayar wa wani. Jiha za ta gaya maka matsayinta a doka. Ba ɗayan da zai wadatar da kai shi kaɗai, amma in dole sai ka zaɓi wanda za ka fara da shi kafin kuɗi ya bar hannunka, ni jiha zan fara. Rigimar magada ana sasanta ta a zaure ko a kotu, katafila kuwa ba ta sauraron shaidu. In ciniki ya faɗa, takardar mallaka ta gwamna da amincewar taswirar gini daga KNUPDA duk a ofisoshin jiha ake nemansu, kuma suna cin lokaci, ka shirya wa zirga-zirga. Dillalin da ya ce maka akwai wani mai saye gobe da safe, ka ce Allah ya ba shi sa'a.

Sai kwata, wadda ita ce marainiyar birnin nan. A kundi ta ƙaramar hukuma ce. A aikace REMASAB ta jiha ce ke da motocin kwashe bola, ma'aikatar muhalli ke yashe manyan magudanai gabanin damina, KARMA ke facin titunan jiha, manyan hanyoyi irin na Zariya da Katsina da Maiduguri kuma asalinsu na tarayya ne. Lungu da kwatar cikin layi su ne suka rage wa ƙaramar hukuma, ita kuma sau da yawa sai ta ce ba kuɗi. Wata shekara kwalbatin bakin layinmu ya rufta, na ɗauki hoto a waya na tafi wani ofishi ni kaɗai. Aka ce ba nasu ba ne, aka tura ni wani. Can aka ce mai sa hannu ya fita sallah, na jira har aka tashi. Sati uku ina yawo da hoto. Da muka dawo muka rubuta takarda da sunan kwamitin unguwa, magidanta suka sa hannu, mai unguwa ya buga tambari, muka sa kansila a gaba, muka kai kwafi biyu aka buga mana shaidar karɓa a ɗaya muka dawo da ita, sai ga injiniya ya zo da tef yana awo. Jihar nan mazaɓu 484 gare ta, kowace da kansila, kuma nasa aikin ke nan, ko da bai cika son a tuna masa ba. Kafin su motsa, ku yi gayya ranar Asabar ɗin ƙarshen wata da ake tsaftar muhalli daga ƙarfe bakwai zuwa goma na safe, amma ku fara sanar da masu motar shara. Dagwalon da aka yaso aka tara a bakin kwata, ruwan farko zai mai da shi inda ya fito.

Ruwan famfo na hukumar ruwa ta jiha ne, matatar Challawa ma ga ta nan maƙwabciyarku. Rijiyar burtsatsen unguwa ce za ka iya roƙa ta hannun kansila. Wuta ba ta kowannensu ba ce, ta KEDCO ce tun da aka sayar da kamfanonin rarraba lantarki a 2013, duk da 'yan siyasa kan sayo taransifoma. Gobara ta 'yan kwana-kwanan jiha ce, ka ajiye lamba 112 a wayarka. Rigakafin jariri da awon ciki a asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarku za a yi, firamare kuma ta ofishin ilimi na ƙaramar hukuma ake bi, ko da yake duka biyun akwai hukumar jiha a samansu.

Yadda ake karɓar mutum ma ya bambanta. Sakatariya da sanayya take tafiya: ana gaisawa, ana tambayar ɗan gidan wa, in ka zo da wanda aka sani aikin awa ɗaya ne, in ka zo Juma'a da rana kujeru za ka tarar. Ofishin jiha takarda yake ji, fayil da lamba da biya a banki, ya fi sanyi, ya fi jinkiri, amma abin da ya fito daga can ya fi tsayawa a gaban alƙali. A bakin ƙofar kowannensu akwai 'yan kamasho masu cewa kawo in shigar maka. Ka gaishe su ka wuce ciki da ƙafarka. In wani ma'aikaci ya riƙe maka takarda sai ka ba da na goro, akwai hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jiha, kuma tana duba ma'aikatan ƙananan hukumomi ma.

Da ni ne kai, yau bayan la'asar zan je gaida mai unguwa da ɗan goron suna, in shigar da maganar kwata da ta fulotin a zama ɗaya. Ranar rigakafin yaro in karɓo takardar haihuwa a asibitin. Dillali kuma ya jira har na dawo daga ma'aikatar ƙasa.