Tuƙa-tuƙa ko sola: wanne ya dace da kuɗin da ƙungiya ta tara?

Malam, a zaman ƙungiyar ci gaban gari na makon jiya ka tambaya cewa, tunda kuɗin da muka tara bayan kaka sun kai a haƙa ruwa, shin rijiyar burtsatse mai sola guda ɗaya za mu yi a tsakiyar gari, ko kuwa famfon tuƙa-tuƙa biyu ko uku a unguwanni. Magariba ta tashe mu kafin in amsa maka, kuma na lura yawancin waɗanda suka yi magana sun karkata ga sola ne domin ita suke gani a garuruwan bakin titi, saboda haka na ga ya dace in auna su biyun a rubuce.

Ta fuskar yawan ruwa, sola ce a gaba. Tuƙa-tuƙa mai lafiya yana ba da kimanin lita 12 zuwa 15 a minti ɗaya, wato jarka mai lita 25 tana cin kusan minti biyu, kuma masu tsara ayyukan ruwan karkara sukan ƙiyasta masa mutum 250 zuwa 300, bisa lissafin lita 20 ga kowane mutum a rana. Wannan lissafin bai haɗa da dabbobi ba, alhali saniya ɗaya takan shanye kusan jarka guda a wuni. Ita kuwa sola, injin da ake zura wa cikin rijiya, wanda ake kira sumo, shi ke tura ruwa zuwa tankin sama tun daga hantsi har la'asar, daga nan a raba shi ta kawunan famfo da yawa, mata da yara su ɗiba ba tare da tuƙi ba. Wanda ya taɓa ganin layin jarkoki a watan Afrilu ba zai raina wannan sauƙin ba.

Sai dai inji ba ya ƙirƙirar ruwa, abin da ƙasa ta tara shi yake zuƙowa, kuma a nan ne nake so mu natsu. Kudancin Katsina inda muke, da mafi yawan ƙasar Kano da Kaduna da wani sashe na Zamfara, suna zaune ne a kan dutse mai tauri, ruwan yana maƙale a cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama da kuma tsagogin da ke ƙarƙashinsa. Ba haka abin yake a gabashin Jigawa da Yobe da Barno ba, ko a ƙasar Sakkwato da Kebbi, inda shimfiɗar yashi mai kauri ke riƙe ruwa mai yawa, kodayake a wasu wuraren sai an yi zurfi kafin a same shi. A irin ƙasarmu ana iya haƙa rijiya biyu da tazarar da ba ta wuce jifa ba, ɗaya ta ba da ruwa, ɗaya ta fito a bushe. Rijiyar da ruwanta ke tsattsafowa a hankali za ta iya ɗaukar tuƙa-tuƙa shekara da shekaru, domin hannun mutum ba ya fin ƙarfinta, amma idan aka sa mata sumo sai ya zuƙe ta cikin ɗan lokaci, ya ci gaba da juyawa babu ruwa har ya ƙone.

Batun gyara kuma shi ne ya fi damuna, domin a kusan kowane ƙauye da ke kewaye da mu akwai rijiyar da aka buɗe da kiɗa da jawabi, yau awaki ne ke kwana a kan dandamalinta. Tuƙa-tuƙa yana yawan lalacewa, amma lalacewarsa ƙanana ce: robar da ke riƙe ruwa ta cinye, ko sarƙa ta tsinke, ko ƙusa ta kwance. Nau'i biyu ne suka fi yawa a ƙasar nan. India Mark II, wanda aka ƙera a Indiya a shekarun 1970 tare da haɗin gwiwar UNICEF, yana da ƙarko, amma idan matsalar tana ƙasa sai an zaro bututun ƙarfen gaba ɗaya, aikin makaniki ne da mataimaka, kuma ƙarfen yana tsatsa a wasu ruwaye har ruwan ya riƙa fitowa ja. Afridev kuwa, wanda aka inganta a Malawi da Kenya a shekarun 1980, an tsara shi ne domin mutanen gari su gyara da kansu. Bututunsa na roba ne, ana zaro sandunan da ke cikinsa a sauya abin da ya cinye ba tare da an taɓa bututun ba, kuma yana jan ruwa daga zurfin da ya kai mita 45. Matasa biyu da aka koya wa aikin sun isa.

Sola akasin haka take. Tana iya yin shekaru ba ta nemi komai ba sai goge farantan da ke karɓar hasken rana, musamman lokacin hunturu da ƙura ke rufe su ruwa ya ragu, amma ranar da sumo ya ƙone ko na'urar da ke sarrafa wutar ta mutu, kuɗin gyaran ba na karo-karon dare ɗaya ba ne, kuma sai an ɗauko mai gyara daga Funtuwa ko Zariya. Ga kuma ɓarayin farantai da waya, wanda ke nufin katanga da maigadi da albashinsa. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne, idan rijiya ɗaya tak muke da ita ta tsaya, gari duka ya koma rafi da tsofaffin rijiyoyi, alhali in tuƙa-tuƙa uku ne, mutuwar ɗaya layi kawai za ta ƙara wa sauran. Ba mu manta da kwalarar shekarar 2021 ba, wadda ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 3,500, kuma jihohin Arewa ne suka fi jin jiki.

Ta fuskar tsabta kuwa su biyun daidai suke, muddin an yi dandamalin siminti da magudana, an kuma nisanta rijiyar da masai aƙalla mita 30.

Ra'ayina shi ne mu yi tuƙa-tuƙa samfurin Afridev a unguwannin da suka fi nisa da ruwa, mu ajiye wani kaso na kuɗin a asusun gyara tun kafin a fara haƙa. Ban ce sola ba ta da amfani ba. Idan gwaji ya nuna ɗaya daga cikin rijiyoyin tana da ruwa sosai, ana iya cire famfon hannun nan gaba a sa mata sumo da tanki, in dai an sa mata bututu mai faɗin da zai ɗauki injin, kuma a lokacin mun riga mun saba karɓar kuɗin wata daga kowane gida. Kafin mu ba kowa kwangila, ina ba da shawara shugaba da magatakarda su je ofishin hukumar samar da ruwa da tsabtar karkara ta jiha, wato RUWASSA, su nemi a turo masu auna ƙasa, a kuma taimaka mana wajen kafa kwamitin kula da ruwa wanda mata za su kasance a ciki, tunda su ne ke fara sanin famfo ya yi nauyi. A rubuta cikin yarjejeniya cewa ba za a biya cikon kuɗi ba sai an gwada zuƙo ruwan na sa'o'i masu yawa a gaban wakilanmu, kuma a yi haƙar a ƙarshen rani, lokacin da ruwan ƙasa ya fi ja da baya.