Sharhi kan manhajar bayar da bashi mai zuba jari da kanta

Manhajar da nake magana a kanta tana haɗa mai rarar kuɗi da ƙananan 'yan kasuwa masu neman jari, kuma na yi aiki da ita daga nan Gombe tun daga kakar 2024. Na shiga ne ta ɓangaren murabaha, inda kamfanin ke sayen kaya ya sayar wa ɗan kasuwa da ribar da aka yanke tun farko, domin kuɗin ruwa ba hanyata ba ce. Abin da suka fi tallatawa shi ne tsarin da ke zuba kuɗi da kansa: mutum ya zaɓi wa'adi, ya zaɓi ajin masu karɓa, ya ƙayyade iyakar abin da za a bai wa mutum ɗaya, sauran aikin kuma na kwamfuta ne.

Ta fuskar sauƙi ban ga abin kushewa ba. Kuɗin yana rarrabuwa cikin sa'o'i kaɗan, lissafin kowane wata kuma a bayyane yake.

Damuwata ta fara ne da na buɗe jerin waɗanda aka bai wa kuɗina. Sunaye da yawa ne, amma sana'ar kusan guda ce: masu sayen masara da wake a lokacin kaka, irin waɗanda muke gani suna loda buhuna a kasuwar Tudun Hatsi, su ɓoye a sito har farashi ya tashi da bazara. Da farashin hatsi ya karye a 2025, jinkirin biya bai zo daga mutum ɗaya ko biyu ba, ya zo ne a tare, domin asarar da ta sami wannan ita ce ta sami wancan. Kwamfutar ta raba kuɗin tsakanin mutane, amma ba ta raba shi tsakanin sana'o'i ba, kuma babu inda aka ba ni damar gyara wannan.

Haka kuma duk abin da aka biya sai tsarin ya sake bayar da shi nan take, maɓallin dakatarwa kuwa yana ɓoye can cikin saiti. Wanda ya buƙaci kuɗinsa kafin wa'adi dole ya jira wani ya sayi kasonsa, kuma a lokacin da biya ke jinkiri masu saye ba sa samuwa.

Kamfanin ya yi alkawarin biyan uwar kuɗi idan mai karɓa ya gaza, sai dai wannan alkawari ƙarfinsa bai wuce ƙarfin aljihun kamfanin ba. Inshorar NDIC, hukumar inshorar ajiyar banki ta Najeriya, wadda tun 2024 ke kare ajiya har naira miliyan 5 a bankunan kasuwanci, ba ta shafi irin wannan jari ba. Wannan ba zargi ba ne, tarihin harkar ne ya koyar da haka. A Ingila kamfanin Lendy, mai haɗa masu kuɗi da masu neman bashi, ya durƙushe a 2019, a shekarar ce kuma hukumar FCA mai sa ido kan harkokin kuɗi a can ta hana sabon ƙaramin mai zuba jari sa fiye da kashi 10 cikin 100 na dukiyar da zai iya jujjuyawa a wannan harka. Zopa, wanda ya fara ta a 2005, ya bar ta a 2021. A ƙasar Sin damfarar Ezubao, wani dandalin irin wannan harka, ta rutsa da mutane kusan 900,000.

Yanzu na kashe tsarin, na rage abin da na zuba, ina kuma zaɓen masu karɓa da hannuna, ina haɗa mai hatsi da tela da mai kantin magani. Zan sake kunna shi ne idan kamfanin ya ba da damar iyakance kuɗi bisa sana'a, ya kuma riƙa wallafa adadin basussukan da suka maƙale kowane wata.