Wane maganin feshi za ka saya wa tuffarka?

Tuffa irin Anna da Dorsett Golden nake da su a wata 'yar gona ta wajen Kagoro, nau'o'in da ba sa buƙatar dogon sanyi kafin su yi fure. Da damina ta kankama, 'yan'uwa masu lambu a nan Kaduna sukan tare ni da tambaya guda: wanne za mu saya? Kafin ka ciro kuɗi, ka fara sanin abin da za ka fesa wa.

Ganyen da kake gani sumul, gari ne guda. A fili bai wuce farcen yatsa ba ana iya samun bakteriya miliyan ko fiye, irin su Sphingomonas da Methylobacterium da Pseudomonas, ga kuma yisti kamar Aureobasidium pullulans. Galibinsu ba sa cutar da itace. Su ke cinye ɗan zaƙin da ganye ke tsattsafowa, su mamaye wuri, sai cuta ta sauka ta rasa masauki da abinci. Cututtukan da muke tsoro, wato ƙazuwar tuffa mai baƙin tabo da Venturia inaequalis ke kawowa, da farar fumfuna mai kama da toka, da waɗannan mazauna suke fara karo. Shi ya sa ma'aunina na farko shi ne: maganin nan zai bar mini su, ko zai share kowa?

Mancozeb, maganin fumfuna na sinadari, yana da araha, yana aiki, amma ba ya tantance fumfuna mai amfani da mai cuta, kuma Tarayyar Turai ta janye izininsa a ƙarshen 2020. Maganin jan ƙarfe yana kashe bakteriya ba zaɓe, yana taruwa a ƙasa, yana sa fatar tuffa ta yi kaushi. Farar wuta kuwa ta taɓa ƙone mini ganye a watan Maris. Da zafi ya haura digiri 30 ka ajiye ta. Man darbejiya na ƙwari ne, kada ka dogara da shi a kan tabo.

Ni dai nawa shi ne maganin mai rai, wanda aka yi da Bacillus subtilis. Ka fesa shi, ka ƙara wa ganye masu gadi ke nan. Yana fitar da sinadaran da ke huda jikin fumfuna, yana ƙwace mata wuri, yana kuma zaburar da itacen ya kare kansa. Abin da ya sa na fifita shi a kan magunguna masu rai da aka yi da yisti shi ne yanayinmu: Bacillus yana dunƙulewa cikin ƙwanso mai jure zafi da bushewa, don haka ya fi daɗewa a ajiye. Sanannen nau'insa shi ne QST 713, wanda ke cikin maganin feshin da ake kira Serenade. Sai dai rigakafi ne, ba ya goge tabon da ya riga ya fito. Kana farawa tun ganye na sabo, ka maimaita duk kwana 7 zuwa 10, da yamma, domin hasken rana na kashe shi. A Agusta, lokacin da ruwa ba ya ɗagawa, shi kaɗai kan gaza. A nan nakan sa mancozeb sau ɗaya ko biyu, sannan in koma. Ruwan famfo mai kulorin nakan bar shi ya kwana a buɗe kafin in haɗa, kuma ba na zuba shi a famfon feshin da bai wanku daga jan ƙarfe ba.

Yanzu ga inda na sha wuya. Bara na sayi galan guda a wani shago, mai shagon yana ta "Alhaji, wannan na waje ne, ba ka da matsala". Na yi wata biyu ina feshi, tabo na ci gaba kamar ruwa nake zubawa. Da na kai wa wani malamin gona, ya nuna mini an manna sabuwar takarda a kan tsohuwar ranar lalacewa. Itace goma sha ɗaya suka zubar da ganye a shekarar.

Wannan ne haɗarin abu mai rai: mataccensa da rayayyensa duk kala ɗaya ne, ido ba ya rabewa. Saboda haka ka duba lambar NAFDAC, ka kankare gefen takarda da farce ka ga ko akwai wata a ƙasa. Dole a rubuta sunan nau'in da adadin ƙwayoyin da ke cikin kowane giram ko mililita, da haruffan CFU. In ka ga an rubuta "ƙwayoyi masu amfani" kawai babu suna babu adadi, mayar masa. Kada ka sayi wanda aka jera a bakin titi rana na dukansa, ko da na gaske ne. Kada ka sayi awo a ƙullin leda ko a robar lemo, ko da maƙwabcinka ne ya rantse a kai. Murfin da aka taɓa buɗewa, a'a. Wanda farashinsa ya faɗi ƙasa da na kowa, ka tambayi dalili. Masu tallar "haɗin gida" a WhatsApp da ke cewa yana maganin tabo da tsutsa da ciyawa lokaci guda, ka nisance su. Ruwan da aka tsima ba a san abin da ke ciki ba yana iya ɗora maka cutar da ba ka da ita.

Ka karɓi rasit, ka ɗauki hoton galan ɗin gaba da baya. In kana da hanyar Zariya, ka nuna wa malaman aikin gona na Samaru kafin ka buɗe. Sannan ka fara da itace uku ko huɗu, ka bar na kusa da su ba feshi, ka kwatanta bayan mako uku kafin ka sayi na dukan gona.