Waƙa ko Fosta: Darasi daga Gwagwarmayar Afirka ta Kudu

Matasa masu fafutika na yawan tambaya: waƙa ta fi isar da saƙo, ko fosta? Yaƙin da baƙaƙen fata suka yi da mulkin wariyar launin fata ya gwada duka biyun.

Ta fuskar kuɗi, waƙa ba ta cin ko sisi, maƙogwaro da amshi kawai. Fosta kuwa sai an tanadi firam na katako, ƙyallen siliki, tawada da takarda, a tura tawadar ta cikin ƙyallen zuwa kan takardar, kuma kowane launi bugunsa daban. In aka yi sanyin hannu, tawada ta bushe ta toshe ƙyallen.

Haɗari fa? Ɗan sanda ba ya iya ƙwace waƙa a aljihu, amma Vuyisile Mini, mai tsara waƙoƙin gwagwarmaya, an rataye shi a 1964. Fosta hujja ce a hannu. Ƙungiyar Medu, ta masu fasahar Afirka ta Kudu da ke gudun hijira, a Gaborone, babban birnin Botswana, take buga fostoci, ana fasa-ƙwaurinsu zuwa gida, har sojojin Afirka ta Kudu suka kai hari a 1985, suka kashe mai zanenta Thami Mnyele.

Wajen daɗewa, fostocin Medu suna gidajen tarihi yau. Waƙar da ba a naɗa ba takan bi masu rera ta kabari.

Mai tara jama'a a titi ko wurin jana'iza, waƙa ce tasa. Mai son barin shaida a bango, ya nemi tawada.