Sharhi kan gishirin leda mai aidin

Wata uku ke nan ina girki da gishirin leda mai aidin, kuma na gamsu da shi: fari ne tas, yana narkewa a miya nan take, sai dai yakan dunƙule da damina idan ba a rufe shi ba. Na bar gishirin awo ne saboda binciken Thomas Zoeller na Jami'ar Massachusetts a Amurka, wanda ya nuna yadda ƙwaƙwalwar ɗan tayi ke dogara da sinadarin tayirod na uwa (wanda wata gaɓa da ke wuya ke haɗawa), da yadda guba irin PCB (wani sinadarin masana'antu) ke dagula aikinsa. Jiki ba ya haɗa wannan sinadari sai da aidin, wanda ƙarancinsa ke kawo maƙoƙo, shi ya sa nake matsa wa ƙanwata mai juna biyu ta riƙa sayen gishiri mai aidin.