Shagon da suka buga mana littafin tunawa da Goggo

Masu tambaya a ina muka yi ɗan littafin nan na kakarmu, wani shagon firintin ne a Sabon Gari nan Kano, ga yadda muka kwashe da su.

Goggo dai malamar firamare ce, a WTC Kano, kwalejin horar da malamai mata, ta yi Giredi Tu wato takardar shaidar malanta, ta fara koyarwa a 1976 shekarar da aka fara UPE, shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, lokacin ana neman malamai ruwa a jallo, ta yi shekara 35 cif tana riƙe da alli sannan ta yi ritaya a 2011. Da Allah ya yi mata rasuwa tsofaffin ɗalibanta suka dinga zuwa gaisuwa, wani da furfurarsa amma Malama yake cewa, kowa da labarinsa, shi ne muka ce bari mu haɗa su wuri ɗaya saboda jikoki ƙanana da ba su san ta sosai ba.

Hotunan da muka kai musu sun sha jiki, a ƙasan akwatin ƙarfenta muka samo su, akwai na ranar da suka gama makaranta wanda sanyi ya ci gefensa. Gaskiya yaron da ke kan kwamfuta ya iya aiki, ya fito da shi fes har rubutun jikin allon bayansu ana karantawa. Amma fa da ya zo kan babban hoton bango sai ya wuce gona da iri, ya goge mata tsagen fuska kaf ya mayar da ita fara sol kamar mai shafe-shafe, Mama na gani ta ce wannan ba uwata ba ce. Wai shi a ganinsa tabo ne! Muka ce ya mayar mana da abinmu, bai yi musu ba ya gyara.

Inda raina ya ɓaci shi ne rubutu. Samfurin farko duk haruffa masu lanƙwasa sun gudu, inda muka rubuta gidanta ba ya rabuwa da baƙi ya koma baki, ɗa ya koma da. Matar da ta ƙare rayuwarta tana zagaye irin wannan kuskuren da jan biro wallahi da tana raye da kanta za ta je shagon. Sai da na zauna kusa da shi wajen awa biyu muna bi layi-layi.

Takarda mai kauri ce, kala ba ta zuba, kwafi 50 muka yi, sun ce kwana uku ya zama biyar wai ba wuta kuma injin janareto ya samu matsala. Kuɗin kam ba laifi in aka duba yadda takarda ta yi tsada yanzu. Zan iya komawa, amma in Hausa za ku buga kar ku yarda a danna inji sai kun karanta samfurin da idonku. Allah ya jiƙan Goggo ya sa ta huta.